Kujerar Keltik da Dutsen Niƙa: Sharhi a kan Matsayin Adabin Karkarar Kano a Nazarin Hausa na Jami'a

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani gurbi da ke cikin yadda ake nazarin adabin Hausa a jami'o'in ƙasar nan, wato matsayin da aka ba adabin bakan manoma, musamman na karkarar da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta da Minjibir. Za a yi wannan ne ta hanyar kwatantawa da tarihin nazarin harsunan Keltik da adabin Sikotilan a jami'o'in Birtaniya. Mai karatu yana iya tambayar ko me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa su shi ne, a wuraren biyu harshen manoma da makiyaya ne aka ɗauka aka shigar da shi jami'a, kuma a wuraren biyu an daɗe ana nazarin harshen kafin a juya a saurari masu shi. Bambancin kawai, su can sun riga sun bi hanyar har ƙarshenta, saboda haka ana iya ganin inda suka dace da inda suka makara.

Keltik suna ne na wani dangin harsuna da suka haɗa da Gelik na tsaunuka da tsibiran Sikotilan, da Airish na ƙasar Ailan, da Welsh na yankin Wales, da Bireton na arewa maso yammacin Faransa. Dukkansu sun daɗe a ƙarƙashin inuwar Ingilishi ko Faransanci.

Yadda harshe ke shiga jami'a

A shekarar 1867 Matthew Arnold, wanda yake shehun malamin waƙa ne a Jami'ar Okasfod kuma sufeton makarantu, ya buga laccocinsa a kan nazarin adabin Keltik. A cikinsu ya yi kira da a kafa kujerar nazarin waɗannan harsuna a jami'arsa, aka kuwa kafa ta a 1877, aka ɗora John Rhys a kai. Sai dai kuma a cikin laccocin nan guda Arnold bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa gwamma harshen Welsh ya gushe daga harkokin rayuwar yau da kullum, kowa ya koma Ingilishi. Ma'ana, a girmama harshen a ɗakin karatu, a sallame shi daga kasuwa da makaranta. Wannan ra'ayi shi ne cutar da ta fi kowace daɗewa a jikin fannin.

A Sikotilan, dokar ilimi ta 1872 ta tilasta wa kowane yaro zuwa makaranta, amma ba ta tanadi komai ba game da Gelik. Shekara goma bayan haka, a 1882, aka kafa kujerar Keltik a Jami'ar Edinbara, bayan John Stuart Blackie, malamin Girkanci, ya yi ta yawon tara mata kuɗi. Wanda ya fara hawanta, Donald MacKinnon, ɗan tsibirin Colonsay ne, Gelik ya tsotsa a nono. A wannan shekarar ce kuma ƙananan manoman tsibirin Skye suka yi arangama da 'yan sanda a kan filin kiwo, abin da ya sa gwamnati ta naɗa hukumar bincike ta Napier a 1883, MacKinnon yana cikin wakilanta. Hukumar ta zagaya ƙauyuka ta saurari koken manoma, daga baya aka yi dokar 1886 wadda ta tabbatar musu da gonakin da suke haya. Duk da haka, babban aikin ilimin da aka san MacKinnon da shi a kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne, kamar jerin bayanin da ya buga a kansu a 1912. Kujera ta tsaya daram, masu magana da harshen kuwa suna ta raguwa: sun haura 250,000 a ƙidayar 1891, sun dawo wajen 57,000 a ta 2011.

Ita ma Hausa daga waje ta fara shiga jami'a. Tun ƙarshen ƙarni na 19 C. H. Robinson yake koyar da ita a Kambirij, daga baya G. P. Bargery da F. W. Parsons suka koyar a Landan, kuma a can ne M. K. M. Galadanci ya sami digirinsa na uku a 1969. A gida, an kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero a 1969, kwalejin kuma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Malaman farko sun fi ba da ƙarfi ga nahawu da ƙa'idojin rubutu da ƙamus, sai waƙoƙin masu jihadi da na su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, sai litattafan gasar 1933, sannan makaɗan fada da manyan makaɗan jama'a irin su Mamman Shata, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a 1975. Ba za a ga laifinsu ba. Suna gaban masu Larabci da masu Ingilishi ne, dole su nuna cewa Hausa tana da nahawun da za a yi jarrabawa a kai da adabin da yake da marubuta masu suna. Amma abin da aka fara da shi saboda larura ya zauna ya zama tsari, har ya kasance waƙar noma ba ta cika samun shiga aji ba sai ta hanyar tarihin makaɗin da ya faro da ita kafin ya koma fada, kamar Musa Ɗanƙwairo.

Sunan mai ba da labari

Akwai litattafai biyu da ya kamata ɗalibin adabin baka ya ajiye kusa da juna. Na farko shi ne Popular Tales of the West Highlands na John Francis Campbell, wanda ya fito cikin juzu'i huɗu tsakanin 1860 da 1862. Na biyu shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, da aka buga a Belfas tsakanin 1911 da 1913, wanda Neil Skinner ya fara fitar da fassararsa a 1969. Dukkansu ta hannun marubuta 'yan ƙasa aka tara su. Campbell ya ɗora wa masu yi masa aiki, irin su Hector MacLean da John Dewar, su rubuta labari yadda ya fito daga baki, yakan kuma faɗi sunan wanda ya ba da shi da garinsa, wani lokaci har da sana'arsa da wanda ya koya masa. A wajen Edgar kuwa, galibin tatsuniyoyin malamai ne suka rubuta su da ajami, aka mayar da su boko, aka jera su ba tare da mai karatu ya san tsohuwar da ta faɗa ko ƙauyen da aka ji su ba. Taska ce babba, babu musu, amma ba ta iya amsa tambayar ko Gizon Sakkwato da na Kano halinsu ɗaya, ko kuwa a bakin wa wata tatsuniya ta sauya.

Campbell yana da dalilin wannan tsantseni. Shekara ɗari kafin shi James Macpherson ya buga wasu dogayen waƙoƙi da Ingilishi, tsakanin 1760 da 1763, ya ce fassara ce ta waƙoƙin wani tsohon mawaƙi Ossian. Turai ta ɗauka da ɗoki, Samuel Johnson ya ce ƙarya ce, aka yi ta jayayya. Abin da bincike ya tabbatar daga baya shi ne, Macpherson ya san waƙoƙin baka na gaskiya, sai dai ya narkar da su ya ƙera nasa. Barnar da wannan ya yi ita ce, an daɗe ana zargin duk wanda ya ce ya jiyo wani abu daga bakin manomin Gelik. Ko Alexander Carmichael, wanda ya fara buga tarin addu'o'i da waƙoƙin Carmina Gadelica a 1900, bai tsira ba, domin a shekarun 1970 an yi muhawara a kan yawan gyaran da ya yi wa abin da ya ji.

Wannan magana ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Duk wanda ya saba duba kundayen digiri na farko a kan waƙoƙin daka ko niƙa ko gaɗa ya san yadda ratayen ƙarshensu ke zuwa: baitoci a jere cikin daidaitacciyar Hausa, tsaf kamar an goge da dutsen guga. Mawaƙiya ta ce "mai" ko "mar", ɗalibi ya rubuta "masa". Ta ce "tai", ya rubuta "ta yi", domin yana tsoron jan biron mai dubawa. Kowane irin wannan gyara yana ƙara gaɓa guda a layi, kuma da zarar gaɓa ta ƙaru, karin ya karye. Wanda zai zo bayansa ya auna layin sai ya yanke hukuncin cewa waƙoƙin mata ba su da tsayayyen kari. Ɗalibin bai yi niyyar ha'inci ba, amma sakamakon aikinsa ɗan ƙaramin Ossian ne, kuma in ba a ajiye muryar da ya ɗauka ba, babu hanyar da za a gane.

Ƙasar da ake magana a kanta

Abin mamaki shi ne, karkarar Kano tana cikin wuraren da aka fi bincika a duk Afirka ta Yamma, sai dai masu binciken ba 'yan sashen harshe ba ne. M. J. Mortimore da J. Wilson sun buga nazarinsu a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoson gidaje da gonaki a 1965. Polly Hill ta zauna da manoman Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta fitar da littafinta a 1977. Ɗorayin nan kuwa maƙwabciyar tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ce, kuma yanzu birni ya haɗiye mafi yawan gonakinta. Daga waɗannan ayyuka an san yadda ake noma gona kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, da yadda jakai ke jigilar taki a mangala daga birni lokacin rani, da yadda ake haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, da amfanin gawo wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, da yadda gandu ke rarrabuwa in maigida ya rasu. Masana aikin gona ma suna da gonar gwaji a Minjibir, sun san kanannado da ɗan ila, sun adana irinsu.

To, duk wannan ilimi a cikin harshe yake zaune. Manomin Bichi yana da kalma ga kowane mataki: sharar gona, binne, shuka, noman fari, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami, sussuka, sheƙa. Yana bambanta gandu da gayauna, gayya da ƙwadago da jinga, aro da jingina. Yana da suna ga yadda ake gitta layin wata shuka a kan wata, wato gicci. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya tsinci ɗimbin irin waɗannan kalmomi, har yakan nuna ƙasar da ake faɗinsu, haka kuma J. M. Dalziel, likitan da ya yi karatu a Edinbara, ya tara sunayen itatuwa da tsirrai a 1916. Amma ƙamus kalma yake riƙewa, ba ya riƙe kirarin da makaɗin gangar noma ke yi wa saurayin da ya riga kowa kai kunya, ko habaicin da ake yi wa raggo a bakin gona. Jerin kalmomin kiɗa da David Ames da Anthony King suka buga a 1971, wanda har yau ake dogara da shi, ya fi jingina ne ga ƙasashen Zazzau da Katsina. Arewacin Kano, mai ɗimbin manoma, an ɗauke shi kamar an riga an san shi, tunda ai Kananci ne tushen daidaitacciyar Hausa. Wannan zato ne kawai. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko ta Daura ta Ɗambatta, zai ji karin magana yana juyawa sannu a hankali tun bai bar jihar ba.

Waƙar da aiki ke riƙe da ita

A tsibiran yammacin Sikotilan akwai wani aiki na mata wanda ya yi kama da daɓe ƙwarai da gaske. In an saƙa ulu, sai mata su zauna kewaye da katako, su jiƙa ƙyallen, su riƙa buga shi suna miƙa wa juna har ya kama jikinsa, ɗaya tana ba da waƙa, sauran suna amsawa. A cikin waƙoƙin akwai bege da makoki da yabon dangi da zambo, wasu kuma sun girmi masu rera su da ɗaruruwan shekaru. Da injin masaƙa ya karɓe aikin, waƙar ta rasa wurin zama. Abin da ya cece ta shi ne na'urar ɗaukar magana. A 1951 Jami'ar Edinbara ta kafa Makarantar Nazarin Sikotilan, wadda aikinta shi ne fita karkara. Calum Maclean, ɗan tsibirin Raasay kuma ƙanen mawaƙi Sorley MacLean, wanda ya koyi aikin a hukumar tara al'adun baka ta Ailan, ya yi ta kwana a gidajen manoma da masunta. Hamish Henderson ya bi makiyaya da masu yawon sana'a, a 1953 ya gamu da Jeannie Robertson a Abadin, matar da ta zama ɗaya daga cikin mashahuran mawaƙan ƙasar. J. L. Campbell da Francis Collinson sun fitar da waƙoƙin bugun ulu cikin juzu'i uku daga 1969 zuwa 1981, da kalmominsu da karin muryarsu. Yanzu dubban waɗannan muryoyi suna kan intanet a taskar Tobar an Dualchais, jika yana iya neman sunan kakarsa ya ji ta.

Waƙoƙin aikin matan karkarar Kano suna kan irin wannan gaɓa. Injin niƙa ya shiga kusan kowane ƙauye, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki. Siminti ya maye gurbin daɓe, don haka ba a cika tara mata da madaɓai da makuba a ɗakin amarya ba. Injin casa da na surfe suna rage lugude, maganin feshi da ƙwadagon kuɗi suna rage gayya. Babu mai hankalin da zai so a mayar da mace kan dutsen niƙa don a sami waƙa. Wahala ce aka rabu da ita, kuma madalla. Abin lura shi ne, irin wannan waƙa a jikin aikin take. Faɗuwar taɓarya ce ma'aunin layinta, numfashin mai niƙa ne ke yanke baitinta, kuma wadda ake yi wa habaicin, kishiya ce ko uwar miji, tana tsakar gida tana ji.

A nan ne ma'aunin da aka saba da shi yake gazawa. Tsarin jigo da salo da zubi da tsari, wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, an yanka shi ne daidai jikin rubutacciyar waƙa, ya kuma yi mata kyau. Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya matsar da fannin gaba sosai da ya shigo da kiɗa da amshi da tarihin makaɗi. Sai dai shi ma ya fi dacewa da makaɗin da kiɗa ne sana'arsa, mai ƙungiya da ubangida da faifai. Matar da ke waƙar niƙa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In aka ɗora mata wancan ma'auni, sai a fito da "jigon habaici" da "salon kamance", a rufe kundi, alhali ba a faɗi wa aka yi wa habaicin ba, ko me ya biyo baya a gidan, ko daga wa ta gaji layin, ko wane ɓangare ta ƙara da kanta. Waɗannan tambayoyi su ne nazarin.

Akwai kuma wata matsala da Maclean bai gamu da ita ba. Hill ta nuna yadda kulle ya yi ƙarfi a karkarar Kano, har a gidajen da ke warwatse cikin gonaki. Ɗalibi namiji iyakarsa zaure. Mary Smith ta sami labarin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, domin ita mace ce ta zauna da mace. Saboda haka rabin adabin wannan yanki ɗalibai mata ne kaɗai za su iya kai wa gare shi, kuma zai fi kyau a ce 'yan yankin ne, waɗanda za su shiga su ce "Inna" ko "Gwaggo" a amsa musu. Irin waɗannan ɗalibai suna nan a jami'o'in Kano da kwalejin ilimi ta Bichi, amma ba kasafai ake nuna musu cewa gidan da suka fito shi ne filin binciken ba.

Inda kwatancin ya tsaya

Kada a ja misalin ya wuce iyakarsa. Hausa ba Gelik ba ce. Miliyoyi ne ke magana da ita, tana kuma ƙara cin ƙasa, tana da rediyo da fim da litattafan da suka cika kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya shiga ƙauye da fuskar makoki, yana neman "gargajiya" kafin ta mutu, ra'ayin Arnold ya ɗauko ba tare da ya sani ba, domin ya mayar da manomi kayan tarihi. Saurayin Makoɗa da ke huɗa da shanu yana sauraron waƙa a wayarsa, shi ma yana cikin adabin wurin, haka ɗan kamashon hatsi a kasuwar Dawanau da irin zaurancensa, haka almajirin tsangaya da ke rera waƙar wa'azi daga takardar ajami, haka Bafillatanar da ke tallar nono tana juya harshe biyu. Jami'ar Gilasgo, da ta buɗe sashen adabin Sikotilan mai zaman kansa a 1971, ta fuskanci tambaya irin wannan, wato ko adabin ƙasa shi ne na harshe ɗaya, tunda nasu da Gelik da Sikots da Ingilishi aka yi shi. Adabin arewacin Kano ma da Hausa da Larabci da Fulatanci aka yi shi, ga shi kuwa a jami'a kowanne yana da nasa ɗaki.

Ya kamata a san kuma cewa da yawa daga waƙoƙin bugun ulu an ɗauke su ne bayan aikin ya mutu, tsofaffi suna kwaikwayon abin da suka yi da ƙuruciya. Ɗaukar tana da amfani, muddin an rubuta cewa haka aka yi. Dattijuwar Kunchi da aka roƙa ta tuno waƙar daɓe tana zaune a tabarma ba za ta rera ta da saurin da madaɓi ke sa ta ba, kuma za ta tsallake layukan da take jin nauyin faɗa a gaban jikarta.

Ta fuskar kayan aiki, abin da ya gagari malaman 1970 ya zama mai sauƙi, tunda wayar da ke hannun kowane ɗalibi ta fi na'urar da Maclean ya yi ta ɗauka a kafaɗa. Abin da ya rage tsari ne: kada sashe ya karɓi kundin adabin baka sai tare da muryar, da sunan mai waƙa da ƙauyenta da shekarunta da yardarta, da rubutu biyu, ɗaya yadda ta faɗa, ɗaya daidaitacce, a kuma mayar mata da kwafi. Wahalar da ta fi wannan ita ce ta lokaci. Gayya da kiɗan noma sai tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta. Sussuka da kalankuwa sai kaka. Daɓe da bukukuwan aure sun fi yawa bayan an kai amfanin gona gida. Tatsuniya kuwa tana son daren hunturu. Mai son ya ji duka sai ya zagaya shekara guda a wuri ɗaya, alhali kundin digiri na farko 'yan watanni ake ba shi, a tsakanin lacca da jarrabawa.